Inji a Tsakiya: Kurakuran da Masu Haɗa Mota Ke Yi Wajen Sayen Inji da Giyabos a Saudiyya

Arhar inji ce ke fara ruɗar duk wanda ya yi niyyar haɗa mota da hannunsa a ƙasar nan. Ina nufin irin motar da ake sayo firam da gangar jikinta a akwati daga Amurka ko Ingila, wadda injinta ke zama bayan kujerar direba, gaban tayoyin baya. Mutum zai shiga tashlih na Ha'ir a Riyad, wato wurin da ake wargaza tsofaffin motoci ana sayar da kayansu, ko ya zaga sana'iyya a Jidda, wato unguwar makanikai, ya tarar da injinan V8 na Tahoe da Suburban da Yukon jibge a ƙasa, farashinsu bai taka kara ya karya ba. Nan take sai ya biya, ya kai warsha, wato gareji, yana ganin ya ci rabin aiki. Alhali ko farawa bai yi ba, domin a irin wannan mota giyabos ne mai gari. Shi ya fi tsada, shi ya fi wuyar samu, shi ne kuma zai faɗa maka injin da za ka iya sa wa. Ɗan'uwa, ka fara nemo shi tukuna.

Dalili kuwa, motar da injinta ke gaba tana da fili: inji, sai giya, sai doguwar shaf, sannan aksul a baya. Mai inji a tsakiya ba ta da wannan filin. Dole giya da aksul su kasance a cikin kasko ɗaya, wanda shi nake kira giyabos a nan, shaf biyu su fito ta gefe zuwa tayoyi. Giyar Jims, wato GMC, ko ta Caprice ba za ta yi maka amfani ba ko kaɗan. Ko ta Corvette C5, wadda aka ƙera daga 1997 zuwa 2004, da mutane ke ganin tana baya sai su ɗauka ta dace, ta yi tsawo da yawa, saboda giyarta tana gaban aksul ne. Shi ya sa GTM ta kamfanin Factory Five, duk da kayan C5 ake haɗa ta da su, giyabos ɗin Porsche take ɗauka. Haka ma Ultima ta Ingila.

A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi ba ni takaici. Giyabos ɗin Porsche 911, irin G50 da aka fara sawa a 1987, an yi shi ne don motar da injinta ke can bayan aksul. Idan ka juya shi ya fuskanci gaba don inji ya dawo tsakiya, tayoyi za su riƙa juyawa a baibai, ka wayi gari da giya biyar na ribas da ɗaya tak ta gaba. Maganin da aka saba shi ne a kife shi, samansa ya koma ƙasa. Kifewar tana da amfani ma, don tana saukar da inji ƙasa, amma ba a banza take zuwa ba: sai an sauya wa bututun numfashinsa wuri, an sake ma'aunin mai da ramin tsiyayewa, kuma hanyar sa giya ta canza, dole wayoyin giya su bi sabon tsarin. Kafin ka tura ko riyal ɗaya, ka tambayi mai sayarwa ko an riga an yi wannan aikin, ka ce ya nuna maka a hoto. Wanda ba ya son wannan wahala yana iya duba na Boxster ko Cayman, waɗanda asali injinsu a tsakiya yake, ko na Audi irin 016 da 01E. Sai dai na Audi ka tabbata na mai jan gaba ne zalla. Na quattro, wato mai jan taya huɗu, yana da mafita ta uku zuwa baya, kuma gyara shi wani kashe kuɗin ne. Irin waɗannan giyoyi na hannu ba su da yawa a tashlih na nan, tunda galibin motocin ƙasar otomatik ne, saboda haka ka sa a ranka daga waje zai zo.

Sai batun ƙarfi. Mutane kan yi ta lissafin dawakin inji, ba sa tambayar ƙarfin murɗawa, alhali shi ke karya haƙoran giya. Injin LS3, wani V8 na kamfanin GM mai lita 6.2, yana ba da kusan Nm 575, kuma yana ba da mafi yawansa tun daga ƙasa. Ƙaramin giyabos da aka yi wa inji mai lita biyu ba zai jure ba, musamman idan ka sa faffaɗan taya mai kama kwalta. Akwai kuma tazarar giya. Yawancin waɗannan giyabos an tsara su ne don injin da ke son gudu sama, to idan aka haɗa da V8 a mota marar nauyi, giya ta ɗaya takan ƙare kafin ka ankara, a babban titin Makka zuwa Madina kuma inji ya yi ta ihu a bayan kunnenka. Ka karɓi lambar da ke jikin kaskon, ka nemo tazarar kowace giya, ka lissafa da girman tayarka yadda inji zai juya a gudun kilomita 120. Aikin minti kaɗan ne da takarda da biro.

Sayen tsohon giyabos daga nesa ba tare da hujja ba cinikin biri a sama ne. Ka nemi hoton maganaɗisun da ke kan notin tsiyaye mai. Ɗan laushin baƙin gari ba komai ba ne, amma ɓarɓashin ƙarfe mai kaifi yana nufin ka ware kuɗin buɗewa da gyara.

Tunda maganar shigowa da kaya ta zo, kada ka biya kafin ka zauna da mai fitar da kaya a kwastan. Akwai ƙa'idoji na musamman kan tsofaffin kayan mota, akwai kuma takardun SASO, hukumar kula da ingancin kaya, da ake bi ta shafin intanet na Saber. A kan farashi ka ƙara kuɗin jirgi da kuɗin fito da harajin kashi 15 cikin ɗari da ake karɓa tun Yulin 2020, dala ɗaya kuma riyal 3.75 ce. Abin da ya fi wannan nauyi shi ne lamba da istimara, wato takardar rajistar mota. Kada ka ɗauka duk motar da ta tashi za ta samu. Ka je hukumar murur, mai kula da zirga-zirgar motoci, da wurin fahas, inda ake duba lafiyar mota, ka ji ta bakinsu tun ba ka sayi noti ɗaya ba, don ka sani ko motar titi kake haɗawa ko ta filin tsere irin na Dirab kusa da Riyad, wadda za a riƙa ɗaukarta a bayan wata mota. Ga mu baƙi da ke zaune da iƙama, takardar izinin zama, wannan ba wurin ganganci ba ne. Kowane babban abu da ka saya, ka karɓi rasit mai ɗauke da lambar inji da lambar motar da aka ciro shi.

Mu dawo kan injin tashlih ɗin. Injin manyan motoci mai lita 5.3 inji ne mai juriya, ban raina shi ba. Amma yawancinsu gangar baƙin ƙarfe ce, ta fi ta alminiyam da kusan kilo 40, kan shan iskarsa dogo ne, kaskon baƙin mansa mai zurfi, sannan fuli da altaneta sun turo gaba sosai, daidai inda bangon bayan kujera yake. Kafin ka sauya duk waɗannan, arhar ta tafi. A ganina gara ka ɗan wahala ka nemo injin Lumina SS ko Caprice mai 5.7, da aka sayar da yawa a yankin nan, wanda gangarsa alminiyam ce kuma kansa gajere. Ko wanne ka zaɓa, ka auna da tef, kada ka auna da ido. A Jidda kuma ka buɗe murfin bawul ka leƙa, garin ya sha ambaliya tun ta 2009, kuma injin da ya sha ruwa daga waje fes yake.

Kada ka yarda a yanke maka waya. Masu tashlih da sauri suke aiki, almakashi suke sa wa wayarin. Ka tsaya a kansu su ciro inji da wayarinsa cikakke, da birenbos, wato kwamfutar inji, da fedar totur idan ta lantarki ce, duk daga mota ɗaya. Injinan LS, wato dangin V8 na GM da muke magana a kai, iri biyu ne wajen faifan da ke kan karanshaf: tsofaffi haƙora 24, sababbi 58, kuma birenbos na ɗaya ba ya karanta ɗayan. Hanya mai sauƙi ta ganewa ita ce launin sansar karanshaf, baƙa ta 24 ce, toka-toka ta 58. Sannan sai an cire makullin hana sata daga birenbos, in ba haka ba inji zai tashi ya mutu nan da nan.

Farantin da ke haɗa inji da giyabos, da fulawil, da kuloci, da kik, ka saye su tare daga hannu ɗaya. Kamfanoni irin Kennedy Engineered Products a Amurka sun daɗe suna wannan sana'a. Wanda ya tsinto su ɗaiɗai yakan tarar haƙoran kik ba su kai fulawil ba, ko kuloci ba ya saki, kuma ba ya ganewa sai bayan an ɗaure komai.

Zafi ma kada ka bar shi sai ƙarshe. Littafin da ya zo da motar ba a rubuta shi da ranin Riyad a rai ba, inda ake haura digiri 45. Lagireto yana gaba, inji yana baya, bututun ruwa dogaye ne kuma iska na maƙalewa a ciki, don haka ka sa wurin fitar da iska a inda ya fi tudu. Giyabos kuma salansa ce ke zagaye da shi, ka sa masa abin sanyaya mai.

Shaf ɗin tayoyi su ne sayayyar ƙarshe. Kada ka yi odarsu da ma'aunin da wani ya ba ka, ko da irin motarku ɗaya. Ka bari inji da giyabos su zauna a mazauninsu, mota ta sauka kan tayoyinta a tsayin da za ta yi tafiya, sannan ka auna hagu daban, dama daban, ka kuma ɗaga ƙafar sama da ƙasa ka ga yadda tazarar ke canzawa. Ka duba faɗin bakin da ke jikin giyabos ɗin, ko milimita 100 ne ko 108, kafin ka sayi kawunan shaf.