Yadda nake gwada rufe soket a ZeroMQ

Akwai wani Alhaji mai shago kusa da kasuwar Dole da na haɗa wa 'yar manhaja. Kwamfutar shago tana tura lissafin ciniki zuwa ta sitonsa da ke Zango, ta ZeroMQ, wato kayan aikin da manhajoji ke aika wa juna saƙo da shi. Soket kuwa shi ne ƙofar da saƙon ke fita ko shiga ta cikinta. Haɗa su bai ba ni wuya ba. Raba su ne ya sa ya kira ni da azahar, cikin zafin Afrilun Damagaram, ya ce: "Malam, abin nan naka ya ƙi rufuwa, tun ɗazu yaro yake dannawa."

Laifina ne, ban taɓa gwada rufewa ba. Ga yadda nake yi yanzu.

Fara da saƙon da ya maƙale. Buɗe soket na PUSH, wato mai tura saƙo, ka nufa shi wata tashar (port) da ba mai saurare, ka tura saƙo ɗaya, ka rufe, sannan ka kira zmq_ctx_term, mai rufe ZeroMQ gaba ɗaya a cikin manhajar, kana duba agogo. In ba ka taɓa ZMQ_LINGER ba, wato saitin tsawon jiran saƙon da bai fita ba, zai yi ta jiran saƙon ya fita, ko da za a kwana. Abin da ya kama Alhaji ke nan: kwamfutar sito a kashe take. In ka sa 0, nan take zai rufe amma ya zubar da saƙon. Ni 2000 nake sawa, wato daƙiƙa 2, kuma sai na rubuta cinikin a fayil kafin in tura, don kuɗin mutane ba abin wasa ba ne. Gwajin ya tabbatar an fita kafin daƙiƙa 3. Ka gudanar da shi ƙarƙashin umarnin timeout, mai kashe aiki in lokacinsa ya cika, kada gwajin ma ya maƙale.

Sai ka san cewa zmq_close, mai rufe soket, yana dawowa tun rufewar ba ta kammala ba, wani zaren aiki (thread) ne a bayan fage yake ƙarasa aikin. Masu gaggawa sukan sa barcin daƙiƙa ɗaya su wuce. Ban yarda da wannan ba, yau ya ci, gobe ya faɗi a tsohuwar kwamfuta. Ka ɗora zmq_socket_monitor, mai sa ido a kan soket, a ɗaya ɓangaren, ka jira ZMQ_EVENT_DISCONNECTED, wato labarin yankewa, da iyakar lokaci. Kowane gwaji kuma ya ɗauki sabuwar tasha da tcp://127.0.0.1:*. In ka ga TIME_WAIT, wato haɗin da aka rufe yana ɗan jira, a jerin da umarnin ss -tan ke nunawa, kada hankalinka ya tashi, a Linux daƙiƙa 60 yake yi ya tafi.

Babban aikin shi ne mutuwar da ba sallama. Mutane da yawa suna kashe manhaja da kill -9, umarnin kashewa nan take, su ce sun gwada ɗaukewar wuta. Ba su gwada ba. Manhajar ce ta mutu, Linux yana nan da ransa, shi zai rufe haɗin ya aika FIN ko RST, saƙonnin rufe haɗi, ɗaya ɓangaren ya samu labari. In wuta ta ɗauke kuwa, ba wanda ke aika komai. Kwamfutar shago za ta ci gaba da zaton 'yar'uwarta tana nan. Binciken da TCP, tsarin da ke riƙe da haɗin, ke yi da kansa don ganin ko ɗaya ɓangaren yana nan, sai an kunna shi, kuma a Linux sai bayan daƙiƙa 7200 na shiru yake farawa, awa 2 cur.

Don haka ka toshe tashar da dokar DROP ta iptables, mai zubar da saƙonni shiru ba labari, ko ka zare wayar kwamfutar can da hannunka. Tun fitowar 4.2 ZeroMQ yana da bugun zuciya, wato ɗan saƙon da ake aikawa a kai a kai don jin ko ɗaya ɓangaren yana nan: na sa tazararsa, ZMQ_HEARTBEAT_IVL, a 1000 (daƙiƙa 1), jiran amsa, ZMQ_HEARTBEAT_TIMEOUT, a 3000 (daƙiƙa 3), gwajin ya jira labarin yankewa cikin daƙiƙa 5. Daga nan ka cire toshiyar ka ga ko ZMQ_EVENT_CONNECTED, labarin haɗuwa, ya dawo da kansa.

Saura yoyo, wato abin da manhaja ta buɗe ba ta rufe ba. Ƙirga abin da ke cikin /proc/self/fd, inda Linux ke jera fayiloli da haɗin da manhaja ta buɗe, ka buɗe soket ka rufe sau 1000, ka ɗan jira, ka sake ƙirgawa. In adadin yana hawa, wata rana zai kai iyakar 1024 da yawancin kwamfutocin Linux ke zuwa da ita. Nawa yana ƙaruwa da ɗaiɗai, ashe soket ɗin sa ido ne nake mantawa ban rufe ba.