Kwamfuta ta ƙi ganin katin intanet: inda aka fi yin kuskure

Da zarar alamar Wi-Fi ta ɓace daga ƙasan allo, mutane da yawa sai su yi gaggawar goge Windows su sake lodawa. Abin yana damuna ƙwarai, domin aikin minti goma ne ake mayarwa na yini guda, a gama kuma a tarar matsalar tana nan daram.

Tushen kuskuren shi ne cuɗa abubuwa uku wuri ɗaya. Sai kwamfuta ta fara ganin katin intanet (ɗan sashen da ke haɗa ta da Wi-Fi ko kebul) a jikinta, sannan ta sami direba, wato ƙaramar manhajar da za ta yi magana da shi, daga nan katin ya karɓi adireshi (lambar IP) daga rauta, na'urar da ke raba intanet. "Babu intanet" na iya nufin kowanne daga cikinsu, kuma maganinsu ba ɗaya ba ne.

A Windows, buɗe Device Manager. Idan ka ga wani abu ƙarƙashin Other devices da alama ruwan ɗorawa mai kusurwa uku, yana nuna Code 28, to katin yana nan, direba ne babu. A nan ake yawan zamewa: mutum ya nemi direba da sunan samfurin laftof ɗinsa, alhali samfuri ɗaya kan fito wani da katin Intel, wani da na Realtek. Shiga Properties na wannan abin mai alamar, sai Details, ka zaɓi Hardware Ids. Lambar da ke bin VEN ita ce ta kamfanin: 8086 Intel, 10EC Realtek, 14E4 Broadcom. Wadda ke bin DEV kuma ta katin ce. Da su za ka nema, a shafin kamfanin, ka bar waɗannan manhajojin masu alkawarin sabunta maka dukkan direbobi. In kuma babu hanyar saukewa, jona wayarka ta USB ka aro intanet ɗinta.

A Linux, buga umarnin lspci -nnk a terminal (tagar rubuta umarni), zai nuna katin tare da layin "Kernel driver in use". Na USB kuwa sai lsusb. Idan direba yana nan amma shiru, duba dmesg, sau da yawa za ka ga ƙorafin cewa fayil ɗin firmware, wato manhajar da katin kansa yake aiki da ita, bai lodu ba. Wasu kuma suna neman eth0, da ba su gan shi ba sai su ce kati ya mutu, alhali yawancin Linux na yanzu suna ba shi suna irin enp3s0 ko wlp2s0. Yi amfani da ip link, domin ifconfig kaɗai ba ya nuna katin da ba a kunna ba.

Na taɓa raba dare a kan wata laftof, ina cire direba ina mayarwa. Da na buga rfkill list a Linux, sai ga "Hard blocked: yes", wato an kashe Wi-Fi ɗin daga jikin na'urar. Ashe wani ɗan makunni ne a gefenta, bai kai ƙwayar wake ba, ya goce wajen sa ta a jaka. Tun daga ranar, makunni da maɓallin Fn nake fara dubawa.

Mai Windows da Linux a kwamfuta ɗaya ya kula da Fast Startup, tsarin Windows na saurin tashi: idan yana kunne, Shut down ba ya kashe ta gaba ɗaya, katin kan maƙale a halin da Windows ta bar shi. Kashe wannan tsarin, ko ka danna Restart.

Idan adireshinka ya fara da 169.254, ƙyale direba, lafiyarsa ƙalau. Rauta ce ba ta ba da adireshi ba, sai ka duba ta, ka kuma duba kebul. In kuwa katin bai bayyana ko'ina ba, leƙa BIOS, saitin da ake shiga kafin Windows ko Linux ta tashi, ko an kashe shi a can. Sai bayan wannan za ka kwance murfi ka ga ko ya zauna daidai a gurbinsa.