Yadda za ka karance Zabura cikin wata guda

Zabura 150 ce a Littafi Mai Tsarki, don haka biyar a rana sun ishe ka kwana 30. Kada ka bi su a jere. Ɗauki kwanan wata, ka riƙa ƙara 30 a kai: ranar 3 ga wata ka karanta ta 3, 33, 63, 93 da 123. Ta haka kuka da yabo sukan haɗu a zama ɗaya.

Ranar 29 ce mai nauyi, domin Zabura 119 ta faɗo a cikinta, ayoyinta 176. Ajiye ta sai ranar 31, ko ka raba ta takwas-takwas, yadda aka tsara ta tun asali.

Ware minti ashirin da sassafe, kafin ka taɓa waya. Karanta da murya, ka zaɓi aya ɗaya ka rubuta a takarda, ka mai da ita addu'arka ta yinin.

Inda mutane suke sarewa shi ne ramuwa. An tsallake kwana uku, sai a ce za a karanta ashirin a zama ɗaya, gajiya ta sa a watsar. Idan rana ta wuce ka, bar ta, ka kama ta yau. Wata mai zuwa za ka iske ta.