Kurakuran da direbobinmu ke yi wajen ƙetare ruwa da mota a jirgin fito

Mutumin Yauri ko Dole Kaina ba a koya masa shiga jirgin ruwa. Amma ɗora mota a kan jirgin fito a ƙasar wasu, kamar na Banjul zuwa Barra a Gambiya ko na Rosso tsakanin Senegal da Muritaniya, wani karatu ne daban.

Tun daga gida ake fara kuskure. Mutum ya taso daga Birnin Kebbi da fasfo da lasin, ya manta da inshorar Brown Card ta ECOWAS da katin rigakafin shawara, sai ya kai Kamba, bakin iyaka, hankalinsa ya dawo. Ka haɗa su da takardun mota a jaka guda, kusa da hannunka. Kuɗin fito kuma ba a karɓar naira: tanadi canjin sefa, ko dalasi idan Gambiya ce, ka biya a tagar tikiti. Bar masu cewa "Alhaji kawo in shigar da kai gaba".

Inda aka fi jin jiki shi ne wajen hawa. Ƙarfen da ake shimfiɗowa daga jirgi zuwa gaɓa yakan yi gangare sosai idan ruwa ya ja baya. Mota ta sha buhunan shinkafa, gindinta ya zauna, direba ya taka ta miƙe da gudu, sai ka ji ƙarar salansa a ƙasa. Sauke fasinjoji, sa giya ta ɗaya, ka hau a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya. Idonka a kan hannun mai ba da alama kawai. 'Yan kallo kowa da tasa shawarar.

In ka daidaita, birkin hannu kaɗai bai isa ba, jirgi yana tangaɗi. Bar ta a giya, kashe inji, a sa waigi. Sannan ka fito. Wasu sukan kulle gilashi su kishingiɗa a ciki, kuma wanda ya tuna hatsarin jirgin ruwa na Warrah a Jihar Kebbi na 2021 bai kamata a roƙe shi ya nemi rigar kariya ba.

Jirgin ƙarshe na yamma kuwa kada ka dogara da shi. Manyan motoci na iya cika shi, ka kwana a bakin ruwa da sauro. Kama layi bayan Asuba.