Yadda ake gane shekarun tsohon littafin Birtaniya da maɗaba'arsa

Ka fara da shafin take, sannan ka juya can ƙarshe. Masu ɗab'i na farko, irin su William Caxton da ya kafa maɗaba'a a Westminster a 1476, a ƙarshen littafi suka fi sa sunansu da shekara. Daga 1799 kuma doka ta tilasta wa mai ɗab'i ya rubuta sunansa da adireshinsa, sai dai sau da yawa da ƙananan baƙaƙe ne, a bayan shafin take ko a gindin shafin ƙarshe.

Kada ka yarda da shekarar ido rufe. Littafin farko da aka buga a Oxford yana ɗauke da MCCCCLXVIII, wato 1468, alhali masana sun tafi a kan cewa X ɗaya, wato goma a lambobin Romawa, ce ta faɗi, 1478 ake nufi.

Takarda ta fi tawada faɗin gaskiya. Ɗaga shafi ɗaya ka haska shi. In ka ga layuka a jere, tazararsu kamar inci ɗaya, da wasu sirara da suka gitta su, to takarda ce irin ta dā. Mai santsi marar layi kuwa, John Baskerville na Birmingham ne ya fara fito da ita a littafi a 1757, daga masana'antar James Whatman. Don haka littafin da ya ce shi na 1700 ne amma takardarsa ba layi, akwai lauje cikin naɗi. Ganin layin shi kaɗai ba hujjar tsufa ba ce, domin daga baya injuna sun kwaikwaye shi.

Duba baƙaƙen ma. Doguwar "s" mai kama da "f" ta ɓace daga yawancin littattafai wajen 1800.

Adireshi na taimakawa ƙwarai. Mai buga littattafai John Murray na Landan ya koma titin Albemarle daga titin Fleet a 1812, saboda haka duk inda ka ga Albemarle tare da sunansa, littafin bai girmi wannan shekarar ba. Farashi da sule da kwabo, kamar 3/6 (sule uku da sisi), na kafin Fabrairun 1971 ne. Littattafan Penguin na Allen Lane sisi aka fara sayar da su a 1935. Lambar ISBN kuwa, wato lambar shaidar littafi ta ƙasa da ƙasa, daga 1970 ta fara.

Bango ne ya fi yaudarar masu saye. Kafin shekarun 1820, lokacin da mai buga littattafai William Pickering ya fara amfani da bangon yadi, mai littafi ne kan kai shi a ɗinke masa da fata, wani lokaci bayan shekaru masu yawa da bugawa.