Yadda ake gane tsohuwar Land Rover daga sigar jikinta

Kamfanin Rover na Ingila ya fitar da Land Rover a 1948 ne domin manoma, ta yi noma, ta ja tirela, ta juya injin niƙa. Daga wannan shekara zuwa 1985 an ƙera ta a tsari huɗu, Series I, II, IIA da III, dukkansu a kan sifirin mai falle-falle. Jikinsu faranti ne na alminiyam da aka ɗaure da noti da ribiti a kan shasin ƙarfe, kuma kayan wata na shiga jikin wata, musamman daga 1958 zuwa gaba. A nan matsalar take. Motar da ta shekara hamsin tana aiki da wuya a same ta da ƙofofinta da fendarta na asali. Wanda ya kalli fuska kawai ya yanke hukunci, zai je ya sayo kayan gyaran da ba za su shiga ba, ko ya biya kuɗin Series II a ba shi Series III da aka yi wa kwaskwarima. Abin dogaro shi ne shasi da bangon inji, wato bangon ƙarfen nan da ya raba inji da mazaunin direba. Saura duk ƙarin shaida ne.

Tanadi tef ɗin awo, tocila, buroshin waya, tsumma da kananzir, da ɗan maganaɗisu. A ajiye motar a shimfiɗaɗɗen wuri, sitiyari a miƙe.

Mataki na ɗaya: auna tsakanin tayoyi

Auna daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya. Sunan kowace Land Rover ta Series daga wannan awo yake fitowa. Inci 80, kimanin santimita 203, ta farkon fari ce, 1948 zuwa 1953. Inci 86 da 107 sun zo a 1954. Daga 1956 aka koma inci 88 da 109, aka tsaya a kansu har ƙarshen Series III. Ke nan idan awo ya ba ka 80, 86 ko 107, magana ta ƙare, Series I ce. Idan 88 ko 109 ne, da sauran aiki.

Auna gefen dama, ka zagaya ka auna na hagu. Tsakanin 86 da 88 santimita biyar ne kacal, kuma sifirin da ya kwanta ko ƙusar tsakiyarsa ta karye na iya ture aksil ya ɓata awon gefe ɗaya. In awon gefen biyu ya bambanta da fiye da santimita biyu, shiga ƙarƙashi ka duba sifirin tukuna. Akwai kuma wata hanyar raba su: incin biyun da aka ƙara wa 88 da 109 a gaban bangon inji suke, an ɗan tura aksil ɗin gaba. Don haka farantin da ke tsakanin bakan tayar gaba da ƙofa ya fi faɗi a 88.

Mataki na biyu: tsaya a baya ka hangi gefen motar

Gefen Series I a miƙe yake sak daga sama har ƙasa, kuma babu abin da ya rufe shasi da salansa a ƙasan ƙofa. Marfin tankinta ma a ƙarƙashin kujera yake, sai an ɗaga mazauni ake zuba mai. A 1958 aka faɗaɗa tsakanin tayoyin dama da hagu, sai aka yi wa jikin kafaɗa: daidai ƙasan taga farantin yana lanƙwasowa waje kamar cikin ganga, daga fenda har baya. Duk motar da ke da wannan kafaɗa Series II ce ko ta bayanta. An kuma fito da bakin tanki waje, aka sa wani faranti a ƙasan ƙofofi.

Wannan farantin ƙasa yana taimakawa wajen shekara. Kafin 1969 zurfinsa kimanin inci biyar ne, bayan nan aka rage shi zuwa kimanin uku. Sai dai shi ne abin da dutse da kututture ke fara cirewa, saboda haka rashinsa ba ya nuna komai.

Mataki na uku: fitila da ragar gaba

Wannan ne kowa ya fi sani, kuma shi ne ya fi yaudara. A motocin 1948 zuwa tsakiyar 1950 manyan fitilu a bayan raga suke, ragar waya ta rufe su gaba ɗaya. Daga nan aka huda ragar suka leƙo. Wajen 1951 raga ta koma siffar harafin T da aka kifa, fitilu na gefe da gefenta a kan farantin lagireto, a lotse tsakanin fenda biyu. Haka fuskar ta zauna har cikin Series IIA.

A 1968 dokokin fitila na wasu ƙasashe, ciki har da Amurka da Ostireliya, suka sa aka mayar da fitilun kan fenda a motocin da ake kai musu, a 1969 kuma aka yi wa kowa. Ragar wannan lokaci ta ƙarfe ce mai siffar gicciye. Series III da ta fito a 1971 ta gaji fitila a fenda, amma ragarta ta roba ce. Ƙwanƙwasa ta da yatsa za ka ji.

Kuskuren da ake yawan yi shi ne a ga fitila a fenda a ce Series III ce, alhali IIA ta ƙarshe ma haka take. Ga shi kuma fenda biyu da farantin lagireto aikin yini ɗaya ne a wajen fanel bita. Idan ka ga fitila a fenda, ga kuma ramuka biyu da aka toshe a farantin lagireto, to tsohuwa ce aka sabunta wa fuska. In kuwa ragar ta matso gaba ta yi daidai da bakin fenda, kuma motar na kan sifirin mai falle-falle, mai yiwuwa Stage 1 ce ta 1979, mai injin V8 lita 3.5, wadda aka tura lagiretonta gaba don injin ya samu wuri. Amma in ka leƙa ka ga sifirin mai naɗi, ga gilashin gaba falle ɗaya, ga robar baka a saman tayoyi, ka fita daga Series ke nan, One Ten ce ta 1983 ko Ninety ta 1984 ko ƙannensu.

Mataki na huɗu: bangon inji, dashbod da hinji

A nan ya kamata a daɗe, domin canza bangon inji sai an kwance rabin mota, kuma mutane kaɗan ne ke yi.

Fara da inda agogunan mota suke. Daga Series I har IIA a tsakiya suke, a kan farantin ƙarfe, da ramukan ajiye kaya dama da hagu. A Series III an mayar da su gaban direba, bayan sitiyari, an lulluɓe dashbod da baƙar roba. A cikin Series I kanta, ta inci 80 ƙaramin allon agogo gare ta, kuma ba ta da ƙofofin iska biyun nan da ke jikin bango a ƙasan gilas. Da 86 suka zo. Bayan ƙofar ta inci 80 a karkace yake, na 86 a tsaye. Motocin kafin 1952 ba su da mabuɗin ƙofa na waje.

Sai waifa. Idan kowane gilas na da nasa ƙaramin inji a maƙale a jikin firam, motar ta girmi 1967. A wannan shekara aka koma inji ɗaya a cikin dashbod, aka yi wa allon agogo baƙin fenti, aka kuma juya wutar motar: da can kan batir mai alamar tarawa ne ke haɗe da shasi, daga 1967 sai mai alamar ragewa. Duba wannan kafin ka jona batir ko rediyo. An sha juya wutar tsofaffin, amma wanda ya jona a makance zai ƙona kaya.

Hinjin ƙofa na Series II da IIA suna tsayuwa waje, da noti a tsaye a tsakiyarsu. Na Series III a kwance suke, sun lafe da jiki. Haka ma hinjin da ke riƙe firam ɗin gilas. Hinjin ƙofa ana sauya su cikin minti ashirin, don haka a fi yarda da na gilas. Raba II da IIA da ido kuwa yana da wuya. Farantin da ke tsakanin bamba da lagireto a II shimfiɗaɗɗe ne, a IIA a lanƙwashe, sai dai shi ma ƴan noti ne ke riƙe shi. Lambar shasi ce ke raba gardama.

In motar na tashi, giya ma shaida ce. A IIA ta uku da ta huɗu ne kawai ke shiga lami lafiya, ta ɗaya da ta biyu sai an taka kulochi sau biyu. A Series III duka huɗun suna shiga ba ƙara.

Mataki na biyar: rufi da baya

Bodi iri huɗu aka fi gani: mai tamfol, mai rufin alminiyam ba taga, akori-kura mai ƙaramin ɗakin direba, da Station Wagon. Rufi da noti yake ɗaure, kowa na iya ɗora wanda ya samu. Station Wagon ta inci 109 ba a iya kwaikwayonta da sauƙi, domin ƙofa biyar gare ta da ginshiƙi a tsakiya, tana ɗaukar mutum 10 ko 12. Ta inci 88 mai mutum bakwai ita ake yawan haɗawa. Ta asali tana da tagogi masu zamewa a gefe, ƴan tagogi a kwanar rufi, ƙofar baya mai buɗewa gefe, kuma galibi da rufi mai hawa biyu, faranti a kan faranti da iska a tsakani don rage zafin rana. Idan akwai ragowar hinjin ƙyauren akori a ƙasan baya, ko ƙugiyoyin igiyar tamfol a gefe, ba a haka ta fito ba.

Akori mai faɗi da ya rabu da ɗakin direba, na 109 ne mai ɗaukar kaya da yawa, ya fito a 1982. Tsohuwar motar soja kuma ana gane ta da ƙananan bamba a saman babbar, tanki biyu a ƙarƙashin kujeru, wani lokaci da wutar lantarki mai volt 24, wadda kayanta ba sa shiga ta farar hula. Ramin da ke tsakiyar ƙarfen ƙarshen shasi na baya ba lalacewa ba ce, ta nan sandar da ke juya injinan gona take fitowa.

Yanzu ɗauko maganaɗisu. Bai kamata ya kama fenda, bonet, fatar ƙofa ko akori ba. Zai kama bangon inji, firam ɗin ƙofa da shasi. In ya kama wani yanki na fenda, faci ne na mai walda. In ya kama jikin gaba ɗaya kuma gaban fendar a gangare yake, Minerva ce, wadda aka haɗa a Beljiyam da jikin ƙarfe tun 1952. Kamfanin Santana na Sifen ma ya ƙera Land Rover da lasisi daga 1958, kuma na baya-bayansa sun bambanta da na Ingila a fitila da inji, don haka karanta tambari da farantin lamba. Farin gari da ke fitowa a gindin ƙofa alminiyam ne ke ciwuwa inda ya haɗu da ƙarfe. Danna wurin, in ya yi laushi firam ɗin ciki ya tafi.

Mataki na shida: lambar shasi

Akwai faranti a jikin bangon inji, amma ana iya cire shi a liƙa wa wata. Wadda aka buga a jikin shasi ita ce hujja. Daga Series II zuwa gaba tana gefen waje na ƙarfen da ke riƙe sifirin ɗin gaba na dama, bayan bamba. Goge da kananzir da buroshin waya, ka haska tocila a karkace. Kada a sa injin gurza, bugun ba shi da zurfi, zai tafi da lambar.

Lambar Series II tara ce ba harafi. Ukun farko na nuna irin mota, misali 141 ta inci 88 mai fetur, ta huɗu kuma shekara: 8 na 1958, 9 na 1959, 0 na 1960, 1 na 1961. Ta IIA lamba takwas ce da harafi a ƙarshe, daga A zuwa H. 241 inci 88 mai fetur, 251 inci 109, 271 inci 88 mai dizal. Series III ta fara da 901 a 88 da 911 a 109, har zuwa 1979 da aka koma lambar da ke farawa da haruffa. Lamba ta ukun kuma tana faɗin kasuwa da gefen sitiyari: 241 ta cikin Birtaniya, 242 ta waje mai sitiyari a dama, 244 mai sitiyari a hagu, 243 da 245 waɗanda aka aika a kwance aka haɗa a wata ƙasa.

Wannan na da amfani a ƙasashenmu. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama a Afrilun 1972, Gana a 1974, Nijar kuwa dama can haka take. IIA da lambarta ta ce 242 amma sitiyarinta na hagu, juya shi aka yi. Duba gindin bangon inji a dama, za ka ga ramukan feda da na sitiyari da aka toshe, sannan a binciki waldar da ke riƙe akwatin sitiyarin sosai kafin a hau titi.

Idan babu lamba a shasi sam, galibi tsatsa ce ta ci wurin aka sauya ƙarfen. Nemi layin walda a bayansa. A irin wannan hali rubuta awon tayoyi, irin bangon inji, lambar inji da ta giya, ka sayi kowane kayan gyara bisa sashen da ke jikin motar, ba bisa shekarar da ke takarda ba. Birki shi ne inda wannan ya fi muhimmanci: gangar birkin 88 inci 10 ce, ta 109 inci 11, amma 88 ta bayan 1980 tana da inci 11 a gaba. Cire taya ka auna kafin ka aika a sayo.