Duba tsohuwar bindigar hannu ta M1911 mai haɗe-haɗen sassa kafin a harba ta

Da wuya ka sami M1911A1, wato samfurin M1911 da aka yi wa gyare-gyare, ta zamanin Yaƙin Duniya na Biyu da sassanta na asali. Colt, Remington Rand da Ithaca duk sun ƙera ta wa sojojin Amurka, kuma a rumbunan gyara an riƙa wargaza su a harhaɗa ba tare da kula da na wane kamfani ne ba. Sassan sukan shiga juna, amma shiga daban, dacewa daban.

Fara da cire gidan harsashi, ka leƙa ɗakin harsashi (ramin da harsashi ke zama a gindin bututun bindiga) da idonka, ka tabbatar babu komai a ciki. Wanke maiƙo, ka haska fitila a kan silaid (ƙarfen saman bindiga mai zamewa gaba da baya), musamman gefen tagar da kwanso ke fita da gurbin da ke riƙe silaid a baya. Silaid na lokacin yaƙi ba a taurara ƙarfensa gaba ɗaya ba, don haka yakan tsage. Wanda ya tsage ya gama aiki, kada a yi masa walda.

Gwajin makullai ne ya fi muhimmanci, kuma a bindigar da babu harsashi ake yinsa. Ɗana hama (ƙarfen bayan bindiga mai dukan allurar bugu), ɗaga makullin babban yatsa, ja kunama da ƙarfi. Sakar mata, sannan ka sauke makullin. Idan hamar ta faɗi ko ta motsa, makullin bai dace da ƙugiyar da ke riƙe hama ba, domin kowane makulli da tasa ƙugiyar ake goge shi. Wannan aikin maƙerin bindiga mai lasisi ne, ba na mai magagari a gida ba. Sannan, da hama a ɗane, ja kunama ba tare da ka danne makullin mariƙi (wanda tafin hannu ke dannewa a bayan mariƙi) ba. Bai kamata komai ya faru ba. Haka ma idan ka ja silaid baya kimanin milimita 6.

Maƙerin ya auna zurfin ɗakin harsashi da ma'auni: dole silaid ya rufe a kan na inci 0.898. Sauya sifirin ɗin silaid da sabo mai ƙarfin fam 16, da na allurar bugu.

A filin harbi, sa tabarau da abin toshe kunne, ka yi amfani da harsashin .45 ACP na yau da kullum mai nauyin giren 230, ban da +P, wato mai ƙarin ƙarfi. Harsashi ɗaya tak a karon farko, sannan biyu. Idan hama na bin silaid gaba maimakon ta tsaya a ɗane, biyun za su iya tashi a jan kunama guda. Duba kwanson da ya faɗo: in ya kumbura a gindi, ajiye bindigar ka mayar wa maƙeri.